Ƙafar Inna da ayar da ban karanta ba

Na fi shekara biyu ina ɗaukar waya in fara rubuta wannan labari, in goge. Kunya ce ke hana ni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin da nake ci da shi ke nan a Jidda, kuma da bakina na ce wa mahaifiyata ta ajiye allurarta ta ciwon suga. Yau ƙafarta ta hagu babu, daga ƙasan gwiwa. Ba zan kama sunan kowa ba, har shi mutumin da ya ci kuɗina, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Na san dai akwai ire-irena da yawa a ƙasashen Larabawa, mata da maza, da suke kwana da waya a kunne suna sauraron wani yana yi musu annabci, shi ya sa na daure.

A wani ƙauye na yankin Malumfashi aka haife ni. Kakana na wajen uwa ɗan bori ne a ƙuruciyarsa, har kuturta ta kama shi aka kai shi Babbar Ruga kusa da Katsina, inda Turawan mishan suke jinyar kutare a lokacin. Can ya koyi karatun boko, can ya karɓi bangaskiya. Ya dawo gida da guntayen yatsu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohuwar fassarar nan ta 1932, a naɗe cikin fatar akuya. Ina iya tuna shi yana buɗe shafi da gefen hannu, yana bin layi da dungulmin yatsa, yana karatu a fili a hankali kamar mai tauna tsakuwa a shinkafa. Shafi ɗaya sai ya kai shi hantsi. Mu yara dariya muke yi masa.

Ni kuwa gwanar haddar aya ce a makarantar Lahadi. Har bokitin roba na taɓa ci a gasar da aka yi ta majami'un gundumarmu. Ka ce mini Yahaya uku sha shida, kafin ka rufe baki na kai ƙarshe. Amma da za ka tambaye ni da wa Yesu yake magana a wurin, ko me ya kawo maganar, sai in yi zuru. Ayoyi na tara kamar mai kalar gyaɗa, ɗaya nan ɗaya can. Ban taɓa zama na karanta littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini da sauran aiki.

Na yi makarantar koyon jinya, na yi aiki shekara shida a gida, albashi yau akwai gobe sai an ga dama. Baba ya rasu a 2015, nauyin gida ya dawo kaina da Yayana. A 2018 na ci jarrabawar da ake yi wa masu son aikin asibiti a Saudiyya, na hau jirgi daga Kano.

Zafin Jidda da gumin teku na saba da su cikin wata biyu. Abaya ma ba ta dame ni ba. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne Lahadi. A nan Juma'a da Asabar ne hutu, Lahadi kuwa ita ce farkon mako, ranar da aiki ya fi yawa. Duk faɗin ƙasar babu ginin majami'a ko ɗaya, kuma doka ba ta yarda wanda ba Musulmi ba ya yi sujada a bainar jama'a ba. Na san da haka tun kafin in zo, na kuma sa hannu da idona biyu. Sani daban, zama a ciki daban. Sai in tashi da safiyar Lahadi ina auna hawan jinin wani, kunnena yana jiyo mini kiɗan tulun Zumuntar Mata.

Hausa kam ban yi kewarta ba. A kasuwar Balad za ka ji ta, a Karantina za ka ji ta, a asibiti ma sai a kawo maras lafiya ka ga sunan gidansu Hausawi. Da sun ji na yi musu sannu da Hausa sai fuska ta washe, tambaya ta biyu kuma ita ce yaushe zan shiga Makka in yi Umra. In na ce ni Kirista ce sai a ɗan yi shiru, a ce, "Bahaushiya?" Gaskiya ba wanda ya taɓa zagina a kan haka. Sai dai kullum tambayar tana tuna mini cewa ni kaɗai ce.

Wata abokiyar aikina 'yar Kaltungo ta gayyace ni wani zama da suke yi ranar Juma'a da rana a ɗakin wani. Na je sau ɗaya. Mutum biyar a kan kafet, taga a rufe, suna karanta Markus da murya ƙasa-ƙasa, babu waƙa babu tafi. Da muka fito na ce mata, "Yaya, wannan ai zaman makoki ne, ba wuta ko kaɗan." Ban sake komawa ba.

Sai 2020 ta zo da korona. A watan Maris aka tsayar da jirage, aka sa dokar hana fita, mu kuma muna aikin awa goma sha biyu cikin rigar leda. A daminar shekarar Inna ta taka kututturen kara a gona. Ta daɗe da ciwon suga, ni ce ma na tsara mata komai kafin in taho: yadda za ta yi allurar insulin da kanta, da yadda za ta ajiye kwalbar a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi tunda ba mu da wutar lantarki. Ciwon ya ƙi warkewa. Yaya yana turo mini hoto, ina kallon bakin gyambon yana faɗi, ba ni da hanyar zuwa.

A lokacin na haɗu da mutumin da ya ci kuɗin nawa, wani mai wa'azi, a Facebook. Ƙarfe goma sha biyun dare agogon Najeriya yake fara addu'a kai tsaye, wato ƙarfe biyu a nan, daidai lokacin da barci yake ƙaurace mini. Hausarsa tana da daɗi, yana waƙoƙin da aka raine mu da su, mabiyansa suna ce masa Baba. Wani dare sai ya runtse ido ya ce yana ganin wata 'yar'uwa a ƙasar Larabawa, sanye da fararen kaya, uwarta tana fama da ƙafa. Na faɗi a ƙasa ina kuka. Sai daga baya can na tuna cewa kwana uku kafin nan ni da kaina na tura wa yaransa roƙon addu'a, na zayyana musu komai. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ya kira ni ta IMO. Ya tambayi asalin gidanmu, na ba shi labarin Kaka. Ya yi wata irin ajiyar zuciya ya ce, "To, ga ta nan." Ya karanta mini Fitowa 20:5, inda Allah ya ce yana ɗora wa 'ya'ya alhakin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. Ya ce iskokin da Kaka ya guje wa ba a sallame su ba. Sun ci yatsunsa, yanzu sun sauko kan ƙafar 'yarsa, ni ce ta uku, shi ya sa na wuce shekara talatin ba miji. Wannan ta ƙarshen ita ta gama da ni.

Aka fara da iri na bangaskiya, riyal 500. Sai fansar jini, riyal 3,000. Sai man shafawa da aka ba direban mota ya kai Malumfashi. Sai bagadin dare bakwai. Albashi ya ƙare na ci adashi tun kafin zagayena, na ranci na wata Bafilipina da muke ɗaki ɗaya. Da na zo na yi lissafi daga baya ya haura riyal 20,000.

Da kuɗin ne kawai da sauƙi. Wata rana ya ce saura mataki ɗaya: Inna za ta yi kwana ashirin da ɗaya ba allura ba ƙwaya, sai mai da addu'a, domin Yesu ya ce ba mai iya bauta wa iyayengiji biyu. Ko allura ko bangaskiya.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya, don nan ne ni ma har yau nake tsayawa. Na san abin da zai faru. Na san in suga ya hau jini ciwo ba ya haɗewa, na san jijiyoyin ƙafar mai suga suna mutuwa har ya daina jin zafi alhali ƙwayar cuta tana cin nama tana gangarawa ƙashi. Na rubuta wannan a jarrabawa, na koya wa ɗalibai. Amma a raina sai na raba duniya biyu: ilimin asibiti na marasa lafiyan asibiti ne, ciwon Inna kuwa na ruhu ne. Kuma mutumin ya ja aya. Ni da aka raina a kan cewa Maganar Allah ba a yi mata gardama, ban san bambanci tsakanin yi wa Maganar gardama da yi wa mai jan ta tambaya ba. Yaya ya yi ta faɗa a waya har muryarsa ta dishe. Inna ta karɓi wayar ta ce masa, "Ƙyale ta, ai ita ce likitarmu." Ta ajiye allurar.

Akwai wata tsohuwa da take zuwa wankin ciwo sau uku a mako a sashenmu, ita ma ƙafar suga. A Makka aka haife ta. Iyayenta daga ƙasar Haɗeja suka taso a ƙasa, suka ratsa Cadi, suka yi shekaru suna aikin auduga a Jazira ta Sudan suna tara guzuri, kafin su ƙetaro Bahar Maliya a jirgin ruwa. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarta irin ta kakanni ce, tana yi tana yayyafa Larabci. Ina ce mata Hajiya, tana ce mini 'yata. Kullum cikin faɗa muke a kan dabino da shayi mai sukari.

Ranar da Inna ta cika kwana goma sha shida ba allura, ina tsugune ina naɗe wa Hajiya bandeji, sai hawaye ya ɗiga a kan safar hannuna. Ta matsa mini sai na faɗa mata. Na faɗa mata duka, ban san dalili ba, wataƙila don ba ta san kowa nawa ba.

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ya binti, ni kin hana ni dabino uku, uwarki kin hana ta allura?"

Na ce bawan Allah ne ya ce.

"Littafinku ne ya ce, ko shi?"

Na ce ai aya ya karanta.

"Ke kin buɗe kin gani?" Ta gyara mayafinta. "Mu ma muna da irinsu, masu sai an kawo baƙin rago. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, cewa yake in malami ya ja miki aya, ki ce ya ja ta gabanta da ta bayanta. Yalla, gama mini in tafi."

Da na tashi aiki na zauna a kan gado ban ko cire takalmi ba. Na sauke manhajar Littafi Mai Tsarki, na zaɓi Hausa, na nemo Fitowa sura ashirin. Aya ta biyar tana nan yadda ya karanta, sai dai ya haɗiye ƙarshenta, inda aka ce hukuncin na waɗanda suke ƙin Allah ne. Aya ta shida kuma, wadda take manne da ita, cewa ta yi Allah yana nuna madawwamiyar ƙauna ga dubbai na masu ƙaunarsa da kiyaye umarnansa. Kakana da ya ƙare rayuwarsa yana bin layi da dungulmin yatsa, a wace aya yake? Layi ɗaya ne tsakanina da wannan amsar, wata huɗu ban sauke ido na duba ba.

Na kira Yaya a daren na ce su nemi mota. Da asuba suka kama hanyar Kano. Yatsu uku sun riga sun yi baƙi, warin ya cika motar. Likitoci suka yi abin da ni ma da ina wurin zan ce a yi. A watan Nuwamba aka yanke ƙafar, ina Jidda ina raba wa wasu magani.

Na tura wa mutumin saƙo. Ya amsa da cewa ni na karya alkawari saura kwana biyar, rashin bangaskiyata ne ya buɗe wa iskoki ƙofa. Da na ce ya mayar mini da ko rabin kuɗin in biya asibiti, sai ya turo Zabura 105:15, kada ku taɓa shafaffuna, ya ce in yi hankali da bakina. Daga nan ya toshe lambata.

Watannin da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu da yawa. Ban yi addu'a ba. Ina aiki, ina biyan bashi, ina kwanciya. 'Yar Kaltungon nan ta riƙa kawo mini tuwon semo da miyar kuka a kula, ta zauna har in ci. Ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya miki ba. Wata Juma'a da ta tashi tafiya sai na ɗauki abayata na bi ta.

Mai ɗakin dattijo ne ɗan Maraɗi, mai gyaran wutar lantarki, ya fi shekara ashirin a ƙasar. Iyakar karatunsa firamare, kuma in ka ce masa fasto sai ya ɓata rai. Tsarinsu ba wuya. Littafi ɗaya ake ɗauka a bi shi daga farko har ƙarshe, ba tsallake. A karanta sura sau biyu a fili da Hausa. Sa'an nan ya yi tambayoyinsa da ba sa canzawa: wa ke magana, da wa yake yi, me ya faru kafin nan. In wani ya ce "ni a ganina", sai ya ce, "Madalla, nuna mana a wace aya ka gani." In an rasa amsa a ce ba mu sani ba, a rubuta, wani ya tambayi fastonsa na gida. Ba a karɓar baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a majami'a. Wanda ya zo da kuɗin shayi ma sai an yi da gaske.

Na tarar suna cikin Ayyukan Manzanni. Mako na biyu aka zo sura takwas, inda Siman na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa tunda yana zaton baiwar Allah ta sayarwa ce. Na ce su dakata. Na ba su labarina, ina yi ina rawar jiki. Dattijon bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi, "'Yata, kina da ayoyin da ya ba ki?" Ina da su, duk a waya. Ya ce in kawo ɗaya duk mako, in an gama karatun ranar a duba ta.

Haka muka bi su. Ta iyayengiji biyu tana Matiyu 6:24, kuma iyayengijin da Yesu ya ambata Allah ne da dukiya. Babu magani a wurin ko kusa. Wato ayar da ya raba Inna da allura da ita, a kan irinsa take magana. La'anar gado kuma Ezekiyel sura goma sha takwas ta yi mata filla-filla: Allah ya hana Isra'ilawa karin maganarsu na cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya sun mutu, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Elisha ya warkar da Na'aman daga kuturta ya ƙi karɓar komai, baransa Gehazi da ya bi baya ya karɓa shi kuturtar ta koma wa. Bulus da kansa yana kiran Luka ƙaunataccen likita.

Wadda ba zan manta ba ita ce Zabura 105. Makonni na yi ina jin tsoron ayar nan, ina ganin kamar wani abu zai same ni don na tambayi kuɗina. Muka fara daga aya ta ɗaya. Ashe labarin su Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Wani direba a cikinmu, ɗan Tafawa Ɓalewa, ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, mu shida a ɗakin haya da igama, wato katin izinin zama, a aljihu, ya ce, "Kai! 'Yan kaɗan, baƙi a ƙasar wasu? Wannan ai ta fi kama da mu." Muka yi ta dariya muna toshe baki saboda maƙwabta. Ranar na fara yin barci sosai.

Kada a ji ni ba daidai ba. Ban ce Allah ba ya warkarwa ba, kuma ban ce duk mai wa'azi a waya ɓarawo ne ba. Na tashi a hannun masu bishara da suke taka keke ƙauye-ƙauye, albashinsu bai kai kuɗin buhun masara ba. Kuma laifin ba na mutumin nan kaɗai ba ne. Shekara da shekaru ina yawo da Baibul na tsohon Turancin Sarki Yakubu don a ce 'yar boko ce, rabin abin da ke ciki ba na fahimta, ina jin nauyin a gan ni da na Hausa. A zamanmu akwai wata yarinya mai aikatau a gidan Larabawa, ba ta iya karatu ba, sau ɗaya a wata ake barinta ta fito. Da abin sauraro a kunne take jin surar tana wanke-wanke, ta turo tambayarta ta saƙon murya. Tambayoyinta sun fi na kowa kaifi. Ita ce da muka kai sura sha bakwai ta Ayyukan Manzanni, inda mutanen Biriya suke bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, ta ce, "To in Bulus ma an bincike shi bai yi fushi ba, su waɗannan su wane ne?"

Sai a 2022 na samu zuwa gida. Na tarar da Inna a kan tabarma a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, sanduna biyu a jingine. Jawabin da na shirya tun daga jirgi ya gudu. Na durƙusa na kifa kaina a cinyarta. Ta bar ni na yi mai isata, sa'an nan ta ce, "Tashi haka nan. An cuce ki, an cuce ni. Kin ci abinci?" Da yamma ta sa aka ɗauko Littafin Kaka daga cikin adaka. Fatar ta bushe, gefen shafukan ya yi baƙi daidai inda hannunsa yake bi. Na buɗe Fitowa ashirin. Ya ja layi da fensir a ƙarƙashin aya ta shida.

Yaya har yau bai gama hucewa ba. Muna gaisawa, yana karɓar kuɗin magani, amma hirar da muke yi a da babu ita, kuma ban ga laifinsa ba. Bashin Bafilipinar na gama biya bara. Hajiya ta rasu kafin in dawo daga hutun, ban samu na gaya mata abin da tambayarta ta yi ba.

Kafin in taho na saya wa Inna ƙaramar waya da abin cajin rana, aka zuba mata karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa a katin waya. Tana ji tana aikinta, allurarta kuma tana cikin tukunya yadda take a da. Duk Juma'a jikarta tana turo mini saƙon muryarta. Na makon jiya cewa ta yi ta kai Ayuba, ta ji yadda abokansa uku suka zauna suna ta nanata masa cewa zunubinsa ne ya jawo masa ciwo. Tana so in tambayar mata dattijon namu, su waɗannan kyauta suka yi ta zuba, ko su ma sai da aka tura musu kuɗi?